FILIN ZAMAN TARE: Cinikin tsohon radiyo ta salula

Kaka ta yi. An yanke gero, an ɗaure damma, an cire wake. A wannan lokaci ne manomi ke ganin ƴan kuɗi a hannu, dabbar makiyayi kuma tana da ƙiba, tana da daraja a kasuwa. Bayan an biya bashi, an ɗinka wa iyali tufafi, da yawa sukan ce bari a sayi radiyo. Sabo yana da tsada, sai a nemi na hannu. Wasu kuma lasifika suke nema, ta masallaci ko ta biki. Filin wannan wata zai yi magana a kan wannan ciniki, da ladabin da ya kamata a tsare a cikinsa.

Jiya da yau

Radiyo tsohon abokin ƙauye ne. An buɗe gidan Radiyo Nijar a 1958, kuma tun 1974 ake kiransa Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyar radiyo-kulob, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu. Kaset kuma kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Yau kaset ya ja baya, katin memwar ya maye gurbinsa.

A da, mai son tsohon radiyo sai ya jira ranar kasuwa. Ya je rumfar mai gyara, ya ɗauki abin da hannunsa, ya sa pil, ya murɗa, ya ji. Ga dillali a tsaye, ga mutane suna kallo. Ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sallama. Ido ya gani, kunne ya ji, dillali ya shaida.

Yau ciniki ya shiga salula. WhatsApp ya fito a 2009, a 2013 aka ƙara masa saƙon murya, har wanda bai iya rubutu ba yana iya aika magana. Mutum yana zaune a Dakwaro, ya ga hoton radiyon da ke Damagaram. Ya aika kuɗi ta gidan aika kuɗi, a ba direba kaya. Abin ya rage wahalar tafiya. Amma shaidun nan uku na kasuwa ba su nan: babu ido, babu kunne, babu dillali. Abin da ya rage shi ne maganar mutum biyu. In maganar ta cika, ciniki ya yi kyau. In ta yi giɓi, an yi cinikin biri a sama.

Lasifikar masallaci

Ga misali, irinsa ya yi yawa. A wani gari da ke arewa da Tasawa, jama'a suka yi shawarar sayen lasifika don kiran salla. Kowane gida ya kawo tiya biyu ta gero, mata suka kawo ƴan dala-dala. Aka haɗa jika 45. Aka ba wani saurayi amanar saye, don yana da babbar salula. Ya ga hoton amfili, wato akwatin da ke ƙara ƙarfin murya, tare da lasifika da makirufo, a wurin wani ɗan kasuwa na Maraɗi. Ya kira shi.

"Salamu alaikum, Alhaji. Kayan nan suna aiki?"

"Suna aiki sosai, ɗana. Jiya ma na kunna su."

"To, a rage mana, Alhaji, aikin Allah ne."

Aka daidaita, aka aika kuɗi, kaya suka zo a motar kasuwa. Gari ya taru. Sai aka ga amfilin ba ya ɗaukar batir. Wutar lantarki yake so, mai bolt 220, irin ta birni. Garin kuwa ba shi da wutar nan. Batir mai bolt 12 suke da shi, da farantin hasken rana.

Saurayin ya sake kira. Alhaji ya ce: "Ai ba ka tambaye ni ba." Saurayin ya ce: "Ai na gaya maka daga ƙauye nake." Babu abin da aka rubuta. Saƙonnin muryar ma an share su don salula ta cika. A gari aka fara ƙananan maganganu, wasu na cewa yaron ya ci wani abu a ciki. Mahaifinsa ya daina zama a dandali.

Daga baya mai gari ya haɗa shi da wani dattijo suka tafi Maraɗi da kayan. Aka zauna gaban manyan rumfa, aka musanya amfilin da wani mai aiki da batir. Amma an ƙara jika 5, an kashe kuɗin mota na mutum biyu, an yi sati uku ladan yana kiran salla da maƙogwaro kamar da. A cikin su biyun babu ɓarawo. Ɗaya bai faɗi abin da ya sani ba, ɗaya bai tambayi abin da ya kamata ba.

Abin da malamai suka karantar

Sayen abin da ba ya gaban mutum ba sabon abu ba ne. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, Ibn Abi Zaid na birnin Ƙairawan ne ya rubuta shi, kuma ya rasu a shekarar 996. A babin ciniki ya yi bayanin wannan. Ana iya sayar da abin da ke nesa idan an siffanta shi. Ɓoye aibi bai halatta ba. Ciniki yana ƙulluwa da magana. Ana iya yanka ɗan lokaci na gwaji, wanda mai saye zai duba kaya kafin ciniki ya tabbata. Mutum ba ya taya a kan tayin ɗan'uwansa idan sun kusa daidaitawa. Haka kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi, a kafa shaidu. Ke nan salula ba ta kawo sabuwar doka ba. Tsohuwar dokar ce ta ƙara nauyi.

Ladabin mai sayarwa

1. Ya nuna kayan da ke hannunsa, ba hoton wani sabo da ya samu a intanet ba. Ya ɗauki gaba, ya ɗauki baya, ya buɗe gidan pil ya ɗauka. In akwai tsagewa ko ɗauri, ya nuna wurin.

2. Ya faɗi aibi tun kafin a tambaye shi. Eriya ta taɓa karyewa an liƙa? Maɓallin ƙara murya yana ƙara idan an murɗa? Batir yana riƙe caji awa nawa? An taɓa buɗe shi wurin mai gyara? Aibin da aka faɗa yana rage kuɗi kaɗan. Aibin da aka ɓoye yana rage mutunci gaba ɗaya.

3. Ya faɗi irin wutar da kayan ke ci: pil, ko batir mai bolt 12, ko caji irin na salula mai bolt 5, ko wutar birni. Ya tambayi mai saye: "Da me za ka kunna shi a garinku?" Wannan tambaya ɗaya da ta raba gardamar lasifikar masallaci.

4. Kada ya yi zuga da lambar da ke jikin kwali. Sau da yawa ƙarfin da ake bugawa da manyan lambobi ya fi ƙarfin gaskiya nesa ba kusa ba.

5. In ya ce "na sallama", to ya sallama. Ko wani ya zo da ƙarin jika 2 bayan haka, kayan ba nasa ba ne. Ya cire hoton, ko ya rubuta "an saya", don kada a riƙa wahalar da mutane.

6. Ya ɗaure kaya da kyau. Ya cire pil, ya naɗe eriya, ya sa a kwali da tsumma, ya rubuta sunan mai kaya da garinsa da lambarsa a kai. Ya sanar da lambar direba da lokacin da mota ta tashi. Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne, daga Yamai zuwa Maraɗi fiye da 600. Radiyon da aka jefa tsakanin buhunan albasa ba zai isa lafiya ba.

7. Ya cire katin memwar ɗinsa, ko ya share abin da ke ciki na iyalinsa.

Ladabin mai saye

1. Ya fara da sallama, ya faɗi sunansa da garinsa. Aika "nawa?" kawai ga wanda ba a sani ba rashin ladabi ne, kamar shiga gida ba sallama.

2. Ya yi tambayoyinsa kafin ya taya, ba bayan kaya sun iso ba. Tambaya ba raini ba ce. Mai gaskiya ba ya jin haushinta.

3. Ya taya da hankali. Kayan jika 20 ba a taya su jika 3. Kuma kada ya kushe kayan mutum don ya karya kuɗinsu. In an ce albarka, ya ƙara ko ya yi godiya ya bari.

4. Kada ya ce "ajiye mini" alhali ba shi da kuɗi a hannu. In sai ya sayar da akuya ranar kasuwa, ya faɗi ranar. In ranar ta zo bai samu ba, ya kira ya faɗa, don a sallami mai kaya. Yin shiru da kashe salula shi ne mafi muni. Alkawari kaya ne.

5. In zai shiga daji da dabbobi inda salula ba ta kamawa, ya sanar tun da wuri: "Zan yi kwana uku ba a samuna." Mai sayarwa kuma ya yi haƙuri da makiyayi, don ba kullum yake kusa da wurin caji ba.

6. Ya kula da lokacin kira. Ba a kira da tsakar dare, ba a kira lokacin salla. In mace ce ke saye ko sayarwa, lambarta ta ciniki ce kawai.

7. Da kaya sun iso, ya sanar a ranar, ya yi godiya. Ya gwada su gaban mutum biyu. In ya tarar da hotuna ko muryar iyalin mai kaya a katin da aka manta, amana ce, kada ya watsa.

8. In shi ya ɓata kayan, kada ya ɗora wa mai sayarwa. Wanda ya haɗa ƙaramin radiyo kai tsaye da farantin hasken rana ya ƙone, laifinsa ne. Farantin da ake cajin batir mai bolt 12 da shi yana fitar da wajen bolt 18 a tsakar rana.

Sauran mutanen da ke cikin ƙungiyar WhatsApp ko Facebook inda aka sa kayan su ma suna da nasu ladabi. In mutum biyu sun kusa daidaitawa, na uku ba ya tsoma baki da nasa tayi. Amma wanda ya san tabbas kayan na sata ne, ko suna da aibin da aka ɓoye, wajibi ne ya faɗa.

Yadda ake gwaji daga nesa

Gani ya kori ji, amma a cinikin radiyo ana son gani da ji duka. Mai saye ya roƙi ɗan gajeren bidiyo. A cikinsa mai sayarwa ya ambaci sunan mai saye da ranar da ake ciki, sannan ya kunna radiyon, ya kamo tasha tana magana. Ya murɗa daga farko zuwa ƙarshe. FM tana daga 87,5 zuwa 108. Ta fi daɗin ji, amma ba ta zuwa nesa ƙwarai. Wanda ke can cikin daji yana bukatar SW, wato gajeren zango, don shi ke kawo tashoshin nesa. Ƙananan radiyo da yawa na yanzu FM kaɗai gare su. Makiyayi ya duba haruffan nan biyu, S da W, a jikin radiyo kafin ya biya.

A duba gidan pil. In akwai farin gari ko kore a kan ƙarfen, pil ya taɓa fashewa a ciki, ya ci ƙarfen. In mai kaset ne, a ji waƙa guda: in murya tana ja kamar mai jin barci, robar ciki ta saki. In lasifika ce, a ƙara murya a saurara ko tana kakkaɓi. Mai gyara yana taɓa wayoyinta biyu da pil guda mai bolt 1,5: mai rai takan yi ɗan ƙara, takardarta ta motsa. A duba rubutun da ke bayan kaya, inda aka sa lamba da harafin V. Kayan da aka yi don Amurka bolt 110 zuwa 120 suke ci. In aka sa su a wutar Nijar mai bolt 220, za su ƙone nan take.

Abin da ya fi duka: in mai saye yana da ɗan'uwa ko ɗan garinsu a birnin, ya tura shi ya gani da idonsa.

Kuɗi da kaya: wa zai fara saki?

Nan ne tsoro yake. Mai saye yana tsoron ya aika kuɗi kaya su ƙi zuwa. Mai sayarwa yana tsoron ya aika kaya kuɗi su ƙi zuwa. Maganin shi ne a maido da dillali. A sami mutumin da duka biyu suka yarda da shi: direban da aka sani, ko mai gyara, ko ɗan gari mai rumfa a birni. Kuɗi su zauna hannunsa har a gama gwaji. A yanka masa la'adarsa tun farko, a faɗi wanda zai biya.

In za a ba da kafin alƙalami, a faɗi makomarsa. Malaman Malikiyya ba su yarda mai sayarwa ya cinye shi ba idan ciniki ya warware.

A kula da lissafi. Dala tamma 5 ce, jika kuwa tamma 1.000, wato dala 200. In ɗan ƙauye ya ce "ɗari biyar", dala yake nufi, wato tamma 2.500. Ɗan lakwal yana iya ɗauka tamma 500 ce. Mutanen bakin iyaka, kamar Ƙonni da Magarya da Ɗan Isa, su kuma su faɗa ko sefa ce ko naira. Don haka a rubuta kuɗin da lambobi.

Takardar ciniki

Nan ne wanda ya shiga karatun yaƙi da jahilci zai ci ribar karatunsa. Ba sai dogon rubutu ba. A ɗauki takarda a rubuta:

Rana da wata.
Sunan mai sayarwa, garinsa, lambarsa.
Sunan mai saye, garinsa, lambarsa.
Kaya: irinsu, sunan kamfani, launi.
Wutar da suke ci.
Aibin da aka faɗa.
Kuɗi da lambobi.
Wanda zai biya kuɗin mota, zuwa da komawa.
Kwanakin gwaji: misali kwana 3.
Sunayen shaidu biyu.

A ɗauki hoton takardar a aika. Ɗayan ya amsa da murya ko da rubutu: "Na gani, na yarda." A adana takardar tare da rasit na gidan aika kuɗi. Kada a share saƙonni sai ciniki ya ƙare lafiya. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya je wurin malamin santar ko ɗansa ɗan lakwal, a rubuta tare.

Masu zamba

Akasarin masu ciniki mutanen kirki ne, amma akwai ɓata-gari. Alamominsu sanannu ne. Kaya masu kyau da araha ta wuce hankali. Gaggawa: "Aiko yanzu, wani yana jira." Ƙin yin bidiyo, ƙin yarda a turo ɗan'uwa ya gani. Sunan da za a aika wa kuɗi ya bambanta da sunan mai magana. Mai sayarwa shi ma ana cutarsa: a turo masa saƙon ƙarya cewa kuɗi sun shigo. Kada ya saki kaya sai ya duba asusunsa, ko ya karɓi kuɗin a hannu. Lambar sirri ta asusu ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. A tambayi asalin kaya kuma, don mai sayen kayan sata yana iya kwana a hannun hukuma. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tun 2019 Nijar tana da doka a kan laifuffukan da ake yi ta intanet. Wanda aka cuta ya tafi wurin jandarma ko ƴan sanda da rasit, da lambar salular, da saƙonnin da ya adana.

In an sami saɓani

Ba kowane saɓani ne zamba ba. In kaya sun zo da aibin da ba a faɗa ba, mai saye ya kira mai sayarwa shi kaɗai, da murya mai sanyi, ya nuna masa aibin a bidiyo. Yana da zaɓi: ya riƙe kayan, ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. In sun yarda a rage kuɗi don a biya mai gyara, wannan sulhu ne mai kyau. Mai sayarwa kada ya toshe lambar mutum don ya kawo kuka. Mai saye kuma kada ya yi saurin watsa hoton mutum yana kiransa ɓarawo. Magana zarar bunu ce, a salula kuwa takan kai gari ɗari kafin rana ta faɗi. In abin ya gagara, a nemi dattawa, ko mai gari, ko manyan kasuwa.

Tsohon radiyo kayan ƴan jikkuna ne, amma kuɗin gumin damina ne, wani lokaci ma na gari guda. Mai sayarwa ya faɗi duk abin da ya sani. Mai saye ya tambayi duk abin da bai sani ba. Su biyun su rubuta abin da suka daidaita a kai. Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.

Allah ya sa albarka a abin da aka noma da abin da aka kiwata. Sai wata mai zuwa.